Mai Gishiri a Zaurenmu

Shekarar da mahaifina ya rasu gandu ya dawo hannuna, ita ce shekarar da ruwan sama ya wahalar da mu fiye da kowace da na sani. Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Kafur, a gindin wani dutse wanda ba shi da tsawo ƙwarai, amma in ka hau kansa kana hango ƙasa har inda ido ya gaza. Ina da mata da yara ƙanana a lokacin, ga ƙanne a wuyana, ga kuma Baffa, ƙanen mahaifina, wanda gidansa ke jikin namu. Baffa bai taɓa faɗa mini a fuska cewa ban isa riƙe gida ba, amma duk abin da na yi sai ya zo ya duba.

Ruwan farko ya sauka da wuri, mai kyau, har ƙorama ta yi gudu. Muka ɗauki sungumi muka shuka gero da dawa. Shuka ta fito, ta yi kore shar, muna shirin shiga noman firi, wato noman farko, sai sama ta ɗauke. Da farko ba wanda ya damu, don an saba ruwa ya ɗan huta bayan shuka. Amma rana ta buɗe kamar an koma tsakiyar bazara. Ganyen gero ya naɗe, ya yi fari, ya kwanta. Na jigawa ya fara mutuwa, na laka ya bi baya. Abin da ya rage a rumbu na iri kaɗan ne, kuma kowa ya san in aka sake shuka ta mutu, babu na uku.

Abin da ya fi cin rai shi ne hadari bai daina haɗuwa ba. Kusan kullum bayan azahar sai gabas ta yi duhu, a ji cida daga nesa, mata su kwashe shanya, yara su fito suna tsalle. Sai hadarin ya taso har ya kusa, ya rabe biyu, wani ya yi kudu wani ya yi arewa, ya bar mu da iska da ƙasa a ido.

A lokacin akwai baƙo a zaurenmu. Wani ayarin fatake ne ya bi ta garinmu a ƙarshen bazara, daga arewa za su Zazzau, suka bar shi saboda kurkunu ya fito masa a ƙafa, ba ya iya takawa. Mahaifina ya saba saukar da fatake, don haka madugun ya kawo shi ƙofar gidanmu kai tsaye, ni kuma ban ga yadda zan ƙi ba. Mutum ne dogo, siriri, mara yawan magana, Hausarsa irin ta can arewa. Yana da jakuna da kayan gishiri, kantu-kantu, da ɗan kanwa, duk an naɗe da fatu. Muka jibge kayan a gefen zaure, jakunan muka ɗaure su tare da namu. Ba mu kiransa da komai sai Malam, a bayan idonsa kuma mai gishiri.

Da ƙafar ta ɗan yi sauƙi sai ya ɗauki wata al'ada. In rana ta karkata sai ya ɗauki sanda ya ɗingisa ya hau dutse, ya zauna yana fuskantar gabas har la'asar sakaliya. In ya sauko, mutanen da ke zaune a gindin tsamiya sukan tambaye shi, da farko don wasa.

"Malam, ka ga hadarin can? Yau fa?"

Sai ya ce, "Ba yau ba."

Kuma ba a yi. Washegari ma haka. Akwai ranar da sama ta yi baƙi ƙirin har kaji suka shiga akurki, kowa ya ce yau kam an gama, shi kuwa ya sauko yana ɗingishi ya ce ba yau ba. Hadarin ya wuce ta kudu da mu. Daga wannan rana aka daina yi masa tambayar da dariya.

Baffa ne ya fara fito da maganar a fili. Da safe bayan wannan hadarin ya ce mu je mu ga inda ruwan ya sauka. Mun saba yin haka a shekarun fari: a bi sawun ruwa a ga inda ya tsaya, a tona ƙasa da yatsa a ga zurfin laima, don a san ko yana matsowa ko yana ja da baya. Muka bi hanyar kudu, muka tsallake ƙorama da ta koma yashi, muka shiga gonakin Maguzawan da ke hayi. Nan muka tarar da ƙasa a jiƙe, dawa ta miƙe tana sheƙi. Wani dattijo daga cikinsu, wanda muka daɗe muna gaisawa, yana huɗa da 'ya'yansa. Ya yi mana jaje, ya ce su ma ruwan bai kai yadda suke so ba. Muka juyo muna bin gefen laimar. A wani fako sai ga iyakar a fili, nan jiƙaƙƙe nan busasshe, kamar an ja da sanda.

Baffa ya tsaya a kan iyakar, ya ɗaga kai. Daga wurin ana hango kan dutsenmu.

Ya ce, "Ka gani? Daga inda ake fara ganin dutsen, daga nan ruwan ya tsaya."

Na ce, "Baffa, ai daga ko'ina ana ganin dutsen nan."

Ya ce, "Wa ke zama a kansa kullum? Mutum da ciwo a ƙafa, ba ya iya zuwa masallaci sai da ƙyar, amma dutse bai gagare shi ba. Kuma me ke cikin zaurenka? Abin da in ruwa ya taɓa shi ya narke. Kai ne ka ajiye shi, kai za ka binciko mana abin da yake yi."

Maganar ta zauna mini, don ni ma na yi wannan tunanin kafin ya faɗa. Mun taso muna jin cewa akwai masu ɗaure ruwa, magina da masu fataucin gishiri da waɗanda suka tara hatsi suna jiran tsada. Ban taɓa ganin an yi ba, amma ban taɓa ganin mutumin da kullum yake faɗin abin da sama za ta yi ya kuma zama haka ba.

Ran nan da ya ɗauki sandarsa sai na bar shi ya yi nisa, na bi ta bayan dutsen inda ba zai gan ni ba, na laɓe a bayan wani ƙaton dutse. Na ga ya zauna ya miƙe ƙafar mai ciwo. Ya ɗebi ƙasa mai laushi ya watsa sama, ya bi ta da kallo. Ya sake. Sa'an nan ya sa hannu cikin wani tsagi ya ciro wani abu a naɗe da tsumma, ya kwance, ya shafa da yatsa, ya kai bakinsa, ya mayar ya ɓoye. Bakinsa yana motsi, amma ban ji abin da yake cewa ba. Na ce a raina, to, ga shi.

Ban iya komawa in gaya wa Baffa haka kawai ba, sai na fito. Bai firgita ba. Ya ce, "Maigida, tun ɗazu na ji tafiyarka. Zo ka zauna, dutsen nan da zafi ta can."

Na ce, "Mene ne ka ɓoye a tsagin nan?"

Ya ciro ya miƙo mini. Gutsuren gishiri ne, bai kai dunƙulen hannu ba.

Ya ce, "Taɓa ka ji. A bushe yake ƙamas. In iska ta ɗauko laima, shi yake fara sani, sai ka ji ya yi gumi. A gida ba ya gaya mini gaskiya, don akwai randa da tururin girki. Shi ya sa na ajiye shi a nan."

"Ƙasar da kake watsawa fa?"

"Iska nake dubawa. Kalli."

Ya sake watsawa. Ƙurar ta yi kudu.

Ya ce, "Daga arewa take busowa, busasshiya. Hadari daga gabas yake tasowa, wannan kowa ya sani. Amma in iskar kudu ba ta wuni tana kaɗawa ba, mai nauyi, irin wadda ke sa riga ta manne a jiki, to ko ya zo ba ya samun abin da zai zubar. Ka dubi wancan." Ya nuna wani gajimare da ya taso kamar tulin auduga. "Kansa ya yi tsawo, amma gindinsa yana sama da yawa, kuma gefensa ya fara yagewa. Wanda zai yi ruwa gindinsa yana saukowa, ya yi baƙi ya daidaita, ka ga kamar an rataya masa zare. Mu da muke yawo da gishiri dole mu koyi wannan, in ba haka ba wuni ɗaya sai a talauce."

Maganar ta shiga hankali. Amma na lura duk abin da ya faɗa bayani ne na yadda yake sani, ba na abin da yake so ba. Sai na tambaye shi kai tsaye.

"Malam, kai kana so a yi ruwan nan?"

Ya murza bakin raunin ƙafarsa. Can ya ce, "In an yi ruwa mai yawa rafuka za su cika, ni da jakuna mu kwana nan har kaka. Ina da iyali. Ina so ƙafata ta warke."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya ce, "Ruwa na Allah ne, maigida."

Muka sauko tare, yana dafa kafaɗata a wurare masu santsi. Na gaya wa Baffa duk abin da na gani da abin da na ji, ban rage ba. Baffa ya ce, "Gishiri a tsagin dutse, yana yi masa tofi. Kai kuma ya ce maka na duba iska ne ka yarda." Kafin magariba maganar ta zaga gari.

Cikin kwanakin nan aka fita roƙon ruwa. Liman ya ja mu zuwa filin idi da hantsi, maza da yara, tsofaffin mata a baya, kowa da tsohuwar riga. Mai gishiri ya ɗingiso ya tsaya a ƙarshen sahu. Na ga mutane da yawa, maimakon su duƙar da kai, suna satar kallon bakinsa don su ga ko yana cewa amin. Ni ma na kalla. Yana cewa. Da aka watse wani saurayi ya tare shi ya ce, "To, yau fa?" Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Allah ya karɓa. Amma ban ga alama ba." Da ya yi shiru da ya fi masa.

Da la'asar hadari ya haɗu irin wanda ba mu taɓa gani ba a shekarar. Iska ta taso ta yaye jinkar wasu ɗakuna, walƙiya tana tsaga gabas, aka fara jin ɗigon ruwa manya-manya a kan ƙasa, ƙamshin ƙasa ya tashi. Mata suka fito da ƙore da tukwane. Sai ɗigon ya tsaya. Rana ta leƙo ta yamma, bakan gizo ya fito ya tsaya a kan hadarin, muna kallo ya watse. Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Washegari mai gari ya aiko a kira ni tare da baƙona. An cika ƙofar gidansa. Baffa ya yi magana, wasu suka ƙara. Aka ce a kwance kayansa, aka je aka kwance a gaban mutane. Ba a sami komai ba sai gishiri da kanwa da layu irin waɗanda kowane matafiyi ke ɗaurawa. Wasu suka ce ai mai irin wannan aiki ba ya ajiye shi inda za a gani. Liman ya ce ba wani mahaluki da ke riƙe ruwa in Allah ya sake shi, kuma zato a kan baƙo zunubi ne. Amma da ya juya wajen mai gishiri sai ya ce, "Malam, zukata sun yi zafi. In ƙafarka za ta ɗauke ka, tafiya ta fi maka zama." Mai gari ya yanke cewa kada ya sake hawa dutsen, kuma da zarar ya iya tafiya ya kama hanya.

Ya daina hawa. Sai ya riƙa zama a ƙofar zaure, ya jingina da bango, yana kallon kan itatuwa. Ba wanda ke gaishe shi sai ni. Matata ta ci gaba da aika masa da fura, amma ta hana yara zama kusa da shi.

Wata safiya bayan mun idar da sallah na tarar yana ɗaura wa jakuna akumari. Kurkunun ya gama fita, raunin ya fara kamewa.

Ya ce, "Maigida, zan tafi yau. Amma ka tsaya ka ji. Iska ta juya tun jiya. Ka ji jikinka?"

Na ji. Gari ya yi nauyi, gumi yana tsatsowa tun rana ba ta ɗaga ba, ganyen tsamiya yana kaɗawa zuwa arewa.

Ya ce, "Gobe ko jibi za a yi, kuma ba ƙarami ba. In da ni ne kai, yau zan yi binne."

Binne shi ne a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa, don in ya sauka shuka ta tashi nan take. Wanda ya dace yakan riga kowa. Wanda bai dace ba, ko tsuntsaye da ɓeraye su tone irin, ko yayyafi ya sa ya tsiro rana ta ƙone shi. Damina ta riga ta yi nisa, kowace rana tana da daraja, amma irin da ke rumbu shi ne na ƙarshe.

Na taya shi ɗora kaya. Ya ba ni kantu guda na masauki, ya yi godiya, ya kora jakunansa ya bi hanyar Bakori. Na tsaya ina kallonsa har ya shige cikin itatuwa, ban san ko mutumin kirki na raka ba ko wanda ya cuce mu.

Na shiga gida na gaya wa matata. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Duk zamansa a nan bai taɓa cewa za a yi ba sai ranar da zai tafi. Wanda aka kora, ka san abin da ke ransa? In yana so ya rama, ai ba abin da ya fi ya sa ku binne irinku a wuta."

Baffa ya ce ko ƙwaya ɗaya ba za ta fita daga rumbunsa ba sai ya ga ruwa yana gudu a tsakar gida. Ya ƙara da cewa in na zubar da irin gandu a kan maganar baƙo, in san abin da zan gaya wa marayun ɗan'uwansa.

Na hau dutsen ni kaɗai da rana tsaka. Na watsa ƙasa, ta yi arewa. Gajimare ƙanana suna tafiya ƙasa-ƙasa daga kudu, abin da ban gani ba tun da farin ya fara. A hanyar saukowa na ga tururuwa suna kwasar ƙwai suna hawa tudu. Wannan ba mai gishiri ne ya koya mini ba, mahaifina ne. Na dawo na kira ƙannena, muka ɗauki iri muka binne ɓangaren gandu na gangare, inda ƙasa ke riƙe laima. Na jigawa na bar shi.

Gobe ta zo ba a yi ba. Jibi ma ba a yi ba. Hadari ya haɗu, ya tsaya a gabas yana cida, bai taso ba. Zabbin daji da kurciyoyi suka gano gonar, muka wuni muna kora. Baffa yakan zo bakin gona ya tsaya, hannuwa a baya, ya koma. Sai aka yi wani ɗan yayyafi da bai jiƙa ko tafin hannu na ƙasa ba, irin wanda nake tsoro. Na tona rami na ga wasu ƙwayoyin sun kumbura. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Bayan wannan da 'yan kwanaki, da azahar, iska ta tsaya cak. Gabas ta yi baƙi tun daga ƙasa, gindin hadarin a shimfiɗe kamar faifai, ana ganin ruwan yana saukowa daga nesa yana rufe itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai iska mai sanyi ta bugo, sai ruwa. An yi shi har ƙorama ta tumbatsa ta shiga fadama, katangar bayan gidan Baffa ta zube. Ba wanda ya shiga ɗaki da farko. Muka tsaya a ciki muna jiƙewa.

Da aka ɗauke mutane suka taru a gindin tsamiya, maganar kowa ɗaya: ga shi mai gishiri ya tafi, ruwa ya sauka. Na ce musu ai iska ta juya tun yana nan, kuma shi da bakinsa ya ce za a yi. Baffa ya ce, "To, wa zai fi sanin ranar kwancewa in ba wanda ya ɗaure ba? Ƙafarsa ta warke, ya ba kansa kwanakin tsallake rafuka, ya saki." Na ce in haka ne me ya sa ya ce gobe ko jibi, ba a kuma yi ba? Ya ce don in binne irina. Duk ta inda na ɓullo yana da amsa, kuma amsar ba ta wauta ba ce. Har yau ban sami abin da zan kafa masa hujja da shi ba, shi ma bai sami nasa ba.

Binnen ya fito, amma da giɓi da yawa. Inda yayyafin ya taɓa ya ruɓe, inda tsuntsaye suka tona babu komai. Abin da ya tsira kuwa ya riga na kowa tashi. Ina tsaye ina tunanin inda zan sami irin cike giɓin, ga jigawa ma tana jira, sai matata ta fito da wata tukunya daga ƙarƙashin gado, baki a liƙe da laka. Ashe ranar da muka buɗe rumbu ta ɗebi nata ta ɓoye. Ta ce ba ta yarda da baƙon ba, kuma ba ta yarda da ni ba a ranar.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Geron kowa ya yi, ba yabo ba fallasa. Dawar da aka shuka bayan babban ruwan ba ta gama cika ido ba, ta Baffa har da ita, tawa ta gangare kuma ta nuna amma ba ta da yawa. Muka haɗa abin da muka samu, gidanmu da nasa, muka ci da kuka da rama da abin da mata suka tsinko a daji, muka kai wata daminar ba a rasa rai ba.

Da kaka na je kasuwar Bakori sayar da auduga, na tambayi masu masaukin fatake. Wani ya ce ya tuna da dogon mutum mai ɗingishi da jakuna, ya kwana ɗaya ya sayar da ɗan kanwa, ya yi kudu ta wajen Maska ana gobe babban ruwan nan. Na tambaye shi ko ya tsallake rafi kafin ya cika. Ya ce shi dai bai ji an tsinci jaki ko mutum ba, bai kuma sake ganinsa ba.